Samfurin Cikin Gilashi

Cikin ma'aikatun da na yi aiki a Abuja babu wadda ta ci mini rai kamar mai lifta ɗaya. Ba zan kama sunanta ba, don har yau akwai bayin Allah da ke cin abinci a cikinta. Gini ne mai hawa bakwai. Lifta biyu aka yi masa, amma tun kafin in zo ɗaya ta mutu murus, masu shara suka mayar da bakinta wurin jingine tsintsiya da bokiti. Ɗayar muke ta lallaɓawa. Ni kuwa Allah ya jarabce ni da zama jami'in kula da gini, wato ko famfo ne ya yi yoyo ko ƙwan lantarki ya ƙone ni ake nema, kuma ba da fara'a ake nemana ba.

Idan lifta ta tsaya, yawancinmu tsaki muke yi mu kama matakala, masu tumbi su isa suna haki, shi ke nan. Mutum ɗaya ne tsayuwarta ke hana wa aiki ɗungurungum, shi ne shugaban rajista, wurin ajiyar fayil-fayil, a hawa na shida. Kowa Baba Rajista yake ce masa, ni kaɗai nake ce masa Yaya. Hatsarin mota a hanyar Kaduna ya bar shi da ƙarfe a ƙugu, yana tafiya da sanduna biyu. A miƙaƙƙiyar ƙasa yana iya bakin ƙoƙarinsa, amma matakala likita ya hana shi, ko likita bai hana ba ma jikinsa ya hana.

Shi Bazazzagi ne, ni Bakano, kun ga kuwa tsiya ba ta ƙarewa tsakaninmu. Kullum da safe zai sauko daga motar haya, tun daga Jiwa, ya tsaya gaban lifta ya ɗaga sanda ya danna madanni da bakinta. Hajiya yake kiran liftar. In ya hango ni sai ya ce, "Bakano, yau Hajiya ta tashi lafiya, ko kun sayar da hanjinta?"

In ce, "Yaya, da za ta sayu ai da tuni na kai ta kasuwar Kurmi."

'Yan shekaru kaɗan suka rage masa ya yi ritaya. Abu biyu yake yawan faɗa mini. Na farko, burinsa ya bar aiki daga kan kujerarsa, ya miƙa makullin rajista hannu da hannu kamar yadda aka miƙa masa. Na biyu, ba mai sake ɗaukarsa. Bayan hatsarin nan an daɗe ana cicciɓarsa kamar buhun masara, daga gado zuwa bayi, daga bayi zuwa gado, ranar da ya miƙe kan sanduna ya yi rantsuwa ba kafaɗar da zai sake hawa sai ta masu kai shi makwancinsa.

Ciwon Hajiya ba wani babban ciwo ba ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Wasu 'yan tayoyi ne da ƙofarta ke gudu a kansu, kowace ba ta fi murfin kwalbar zuma ba. Idan taya ta tsage ƙofa ba ta rufuwa daidai, ita kuwa lifta muddin ƙofa ba ta rufu ba, ko gezau. Mu sa sababbi, su yi 'yan makonni, su tsage. Mu sake sawa, su sake tsagewa. Aka ɗora laifin a kan zafin Abuja, aka ɗora a kan wutar lantarki, aka ɗora a kan masu riƙe ƙofa da ƙafa suna jiran abokansu. Ba wanda ya ce tayoyin jabu ne, domin a ma'aikatarmu, a ganinmu, jabu ba ya shiga.

Dalilin wannan bugun ƙirji kuwa wata kabad ce ta gilashi a sito. Shekaru da suka wuce wani darakta da jabun kaya ya ishe shi ya kafa doka: kowane irin kayan gyara a ajiye na asalinsa guda ɗaya a cikin kabad ɗin, a kulle. Shi ake kira samfur. Duk ɗan kwangilar da ya kawo kaya, kwamiti zai zauna, a fito da samfur a ajiye kusa da abin da ya kawo. In sun yi kama a karɓa, in ba su yi ba ya kwashe tarkacensa. Daraktan ya daɗe da tafiya, amma kabad na nan ana goge ta, har baƙi ake kaiwa su gani. Tsakani da Allah ni ma da na zo tsarin ya burge ni.

Samfurin tayarmu rawaya ce shar, da wata takarda mai ƙyalli manne a jikinta, an rubuta orijinal da manyan baƙaƙe. Duk tayar da aka kawo haka take sak, kuma duk haka suke tsagewa.

Wata Asabar abin ya kai ni bango. Na ɗauki hoton samfurin a waya na nufi wajen Dei-Dei, shagon wani Alhaji ɗan unguwarmu a Kano mai sayar da kayan lifta da na janareto. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, na miƙa masa wayar. Kallo ɗaya ya yi mata ya fashe da dariya.

Ya ce, "Au, ashe kabad ɗin taku ce! Ɗan'uwa, hoton nan na gan shi a wayoyin 'yan kwangila har na gaji. Ga ma tsagewar gilashin nan a gefe."

Na ce, "To, Alhaji, ina son irinta mai kyau."

"Irinta ba ta da mai kyau. Wannan jabu ce, jabun ma ta ƙarshe."

Na ce masa ya daina wasa, wannan fa ita ce samfur. Bai yi musu da ni ba. Ya shiga can ƙuryar shago ya fito da wani kwali duk ƙura, ya ciro taya ya ɗora mini a tafin hannu. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, launinta kamar kunun kanwa, ba takarda, ba ƙyalli, sai wasu 'yan ƙananan lambobi da aka zana a gefenta. Amma nauyinta ya ninka na tamu. Ya murza ta da yatsa, ta yi ta juyawa shiru. Ya ɗauko wata rawaya irin tamu a shagon ya murza, ta yi ƙarar-ƙarar ta tsaya.

Ya ce, "Ka ji boris ɗin, 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke cikinta? Na asali ba ya rubuta sunansa a goshi."

Na tambaye shi, shi da ya san haka, don me yake sayar musu da rawaya? Ko a jikinsa. Ya ce shi abin da aka nema yake bayarwa. Mutum ya zo da hoto ya ce irin wannan sak, ya ce masa a'a? Har can ƙasar da ake ƙera su hoton kabad ɗinmu ya je, ana bugo tayoyin daidai da shi. Yadda jabu ta shiga kabad kuwa Allah masani, ko tun ranar farko aka cuci daraktan, ko daga baya wani ya yi musanya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da zan tafi na ce zan sa a kai ta asalin, sai ya ce, "Allah ya sa su karɓa." Yadda ya faɗe ta bai yi mini daɗi ba.

A lokacin Hajiya ta sake kwantawa. Yaya ya koma zama a kan bencin baƙi a ƙasa, kusa da teburin masu gadi, masinjoji na sauko masa da fayil ya duba ya sa hannu su mayar. Da fari abin raha ne, yana cewa an ƙara masa girma, shi ne mai tarbar baƙi. Amma rajista ba a riƙe ta daga nesa. Fayil ya fara ɓata tsakanin sama da ƙasa, na ƙarƙashinsa suka fara zuwa aiki lokacin da suka ga dama, ƙorafi ya kai kunnen sabon darakta. Na nemi a sauko da rajistar ƙasa, aka ce kantocin ƙarfe ne kafaffu a siminti, kuma ana duba lamarin. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san inda abin da ake dubawa yake kwana.

Da ƙyar na shawo kan wani ɗan kwangila ya kawo tayoyin asali. Ranar zaman kwamiti na biya ta benci na ce, "Yaya, yau Bakano zai tashi Hajiya."

Ya ce, "In ka tashe ta na yafe wa Kanawa rabin laifinsu."

Ina so a fahimce ni a nan, don kada a zaci ɓarayi na tarar. Shugaban kwamitin mataimakin darakta ne, mutumin kirki, mai karatu, ko biro ba ya ɗauka ya kai gida. Akwai wata Hajiya akanta mai riƙe da lissafi, akwai mai binciken kuɗi, akwai mai kula da sito, aka kuma kira makanikin liftar ya tsaya shaida. Da ɓarayi ne da na san yadda zan yi da su. Aka buɗe kabad, aka ajiye rawaya a kan tebur, aka ajiye tawa kusa da ita.

Hajiya akanta ce ta fara magana. "Wannan ai ko launi ba su haɗa ba."

Mai sito ya juya ta ya ce, "Ba sitika ma."

Na yi musu bayani tiryan-tiryan, na murza musu tayoyin biyu, na ce su ji nauyi. Shugaba ya ji nauyin, ya gyaɗa kai, ya juya wajen makanike. Makaniken ba Bahaushe ba ne, Hausar Abuja yake yi. Ya daɗe yana jujjuya tayar, sannan ya ce, "Oga, gaskiya ni ban taɓa ganin wannan ba. Tun ina koyon aiki, mai yalo kala na sani. Wannan yana da nauyi, amma ban iya rantsuwa."

Ban ga laifinsa ba, a kan jabu ya koyi sana'a. Amma jinina ya hau. Na ce, "Ranka ya daɗe, samfurin nan shi ne jabun! Shekara da shekaru muna korar na kirki muna karɓar na banza, muna tafa wa kanmu!"

Shugaba ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. A ce ma gaskiyarka ne. In muka karɓi abin da bai yi kama da samfur ba, gobe masu bincike suka zo, wa zai amsa? Kai?"

"To a canza samfurin."

"Madalla. Sabon samfurin da me za mu gwada shi mu san na asali ne?"

Mai sito ya riga ni amsawa, ya ce ai sai a gwada da wanda ke cikin kabad. Wallahi ba wasa yake yi ba.

Na ce to a sa tayar a lifta a gani, aiki ya raba gardama. Aka ce ba a sa kayan da ba a karɓa ba a jikin kadarar gwamnati. Sai mai binciken kuɗi ya gyara tabarau ya ce, "Shi wannan mai shagon da ya gaya maka haka, na ji an ce ɗan garinku ne ko?" Nan na daki tebur, na faɗi maganganun da ba zan maimaita ba, har aka riƙe ni. Ƙarshenta aka rubuta cewa kayan ba su dace da samfur ba, ɗan kwangila ya kwashi kwalinsa yana harara ta. Don a sanyaya mini rai aka ce za a rubuta wa kamfanin da ya ƙera liftar a tambaya. Ko an rubuta, ko ba a rubuta ba, ni dai ban ga amsa ba.

Na ja makanike gefe na ce mu sa su a ɓoye, ni zan saya. Ya ce, "Oga, ka rufa mini asiri. In wani abu ya faru da mutane a ciki, ni za a kama, ba kai ba." Ban iya ce masa ƙarya yake yi ba.

Na sauko. Yaya na kan benci, ya karanta fuskata tun daga nesa.

"Me suka ce?"

"Sun ce ba ta yi kama da samfur ba."

Ya yi 'yar dariya. "To ai ba su yi ƙarya ba, Bakano."

Aka kawo rawaya, kwamiti ya karɓa ba gardama, Hajiya ta tashi. Yaya ya koma kujerarsa, ya tarar da rajista ta zama kasuwa, ya shiga gyara yana faɗa yana murna. Ni kuwa duk buɗewar ƙofar nan sai in kasa kunne, don na san abin da ke ciki. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne ta mutu yana sama.

Haka kuwa aka yi, wata Alhamis bayan la'asar. Makanike ya zo ya duba ya ce sai an kawo wasu tayoyin, su kuma sai kwamiti ya zauna. Masu gadi suka hau da kujerar roba za su sauko da shi. Ya ce kada wanda ya taɓa shi. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, ya ce, "Bakano, kai ma?" Ya jira mutane suka watse, ya miƙo mini sandunan, ya zauna a kan matakala da fararen kayansa, ya fara saukowa da zaune, yana dafa hannu yana jan ƙafar. Ina gabansa da sanduna, ban san inda zan sa idona ba. A kowane hawa sai ya jingina da bango, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ko sau ɗaya bai tsokane ni ba, ni ma ban iya ba. A nan na san mutum na iya jin kunya da baƙin ciki har ƙirjinsa ya yi zafi, alhali ba shi ake yi wa abin ba. Da muka iso ƙasa bayan rigarsa ya yi baƙi ƙirin.

Saukowar nan ta taɓa ƙarfen ƙugunsa. Ya yi jinya, ya dawo ya rame, ya koma benci. An sake tashin Hajiya bayan haka, amma bai ƙara yarda ya shige ta ba, kuma da gaskiyarsa, don ba ta jima ba ta sake kwantawa. Ba a daɗe ba aka ba shi shawara, irin shawarar da ba a ƙi, cewa ya ajiye aiki saboda lafiyarsa. Makullin rajista masinja ne ya sauko ya karɓa.

Aka shirya masa walimar bankwana. A ina? A ɗakin taro, hawa na bakwai, domin a nan ake yin walima tun da aka gina ginin. Na je na sami mai shirya taron na ce, "Haba jama'a! Mutumin da ake yi dominsa fa ba zai iya hawa ba." Ya ce an riga an jera kujeru, an haɗa lasifika, darakta ba zai tsaya a bakin ƙofa ya yi jawabi ba, amma an tanadi majiya ƙarfi huɗu da za su ɗauke shi cikin mutunci.

Ya zo da sabuwar babbar riga, shuɗiya, da hula zanna. Majiya ƙarfin suka matso, ya ɗaga musu hannu, suka koma. Ya zauna a bencinsa, na zauna kusa da shi. Aka fara taro ba shi. Muryar lasifika na gangarowa ta ramin matakala, ba ma jin kalmomin sosai, sai dai mu ji an ambaci rajista, sai tafi. Shi yana kallon takalmansa.

Can ya ce, "Bakano, hau ka ɗauko mini butata da darduma, suna bayan ƙofa."

Na hau. Rajista ba kowa, duk suna walima. Na ɗauki buta da darduma, har na juya sai idona ya faɗa kan kujerarsa, tsohuwar kujerar katako da matashin da ya lotsa daidai zamansa. Ban yi shawara da kowa ba. Na rataya darduma a wuya, na saƙala buta a yatsa, na ɗora kujerar a ka. A hanya na haɗu da mai sito, ya ce ina zan kai kayan gwamnati ba takarda, na ce ya matsa ko in bi ta kansa. Na iso ƙasa numfashina na fita da ƙyar, na dire ta gaban benci.

Na ce, "Yaya, zauna. Ka ce daga kan kujerarka za ka bar aiki."

Ya dubi kujerar ya daɗe. Ya miƙa hannu ya shafa matashin, ya kaɗe 'yar ƙurar da ke kai. Masu gadi suka kau da kai.

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ƙanena." Bai taɓa kirana haka ba. "Amma ba nan ne wurinta ba. Mayar musu."

Ya karɓi butarsa da darduma, ya miƙe kan sanduna. Da ya zo daidai ƙofar lifta hannunsa ya ɗan ɗaga sandar, kamar kullum, sai ya sauke ta ya wuce. Na raka shi titi ya sami motar Jiwa, ya ce kada in manta da kujera, kar a rubuta ni.

Samfurin na nan cikin gilashi har ranar da na bar ma'aikatar, kuma na ji an ce yana nan har yanzu, ana goge shi. Ni dai ranar na dawo daga titi na tarar da kujerar a tsakiyar falo, mutane na kewaye ta. Na sake ɗora ta a ka na kama matakala. Ina hawa, can sama ana ta tafa masa.